BAYANI: Yadda ake canza man giyar mota atomatik, da dalilin da ya sa kuskuren ma'auni ke kashe giya

Wanda ya tsaya a PZ da ke Sabon Garin Zariya da hantsi, ya dubi motocin gida da ke jere a gaban bankuna da shaguna, zai tarar da yawancinsu ba su da kuloci. Toyota Corolla ce, ko Camry, ko Honda Accord, ko Peugeot 406, kuma kusan dukansu sun yi shekaru a hannun wani a Amurka ko Turai kafin su iso nan. Masu su malaman Jami'ar Ahmadu Bello ne daga Samaru, da ma'aikatan asibitin koyarwa na Shika, da 'yan kasuwa, da matasan da suka daɗe suna tara kuɗi kafin su mallaki motar farko.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, da kuma watan Yunin da ya biyo baya da aka saki naira, lissafin mallakar mota ya canza. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haye 1,000 a cikin 2024. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Duk abin da ke cikin mota da dala ake shigo da shi. Giyabos ɗin atomatik guda ɗaya, ko da na Kwatano ne, kuɗinsa ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da yawa. Don haka a yau motar da giyarta ta mutu takan yi watanni a gareji, wata ma ba ta sake hawa titi.

Abin da ya fi kashe irin wannan giya abu uku ne: barin mai ya tsufa, zuba man da ba nata ba, da zuba shi fiye ko ƙasa da ma'auni. Na ukun ne aka fi rainawa, kuma shi ne ya fi wuyar yi daidai.

Daga sanda zuwa atomatik

Unguwar PZ ta samo sunanta ne daga kamfanin Paterson Zochonis na Turawan Ingila, wanda ya kafa kanti kusa da tashar jirgin ƙasa bayan dogo ya ratsa Zariya zuwa Kano a 1911. Sabon Gari ya girma a gefen dogon nan, kuma a nan sana'ar gyaran injuna ta yi saiwa. Bayan da kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, motar 504 ta zama abin hawan ma'aikaci da ɗan kasuwa a Arewa, kuma a kanta manyan makanikan yau suka koyi aiki. Giyarta ta sanda ce. Manta mai kauri ne, ana zubawa har sai ya tumbatsa ta ramin gefe, a ɗaure noti, shi ke nan.

Da masana'antun harhaɗa motoci suka durƙushe, sai kasuwa ta koma hannun motocin da aka yi amfani da su a waje, waɗanda ake kira 'yan Kwatano. An hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu daga Janairun 2017, amma sunan ya zauna. Waɗanda suka fito daga Amurka kusan duk atomatik ne, domin a can ne kamfanin General Motors ya fara sayar da irin wannan giya ga jama'a a motocin Oldsmobile na 1940, kuma Amurkawa suka rungume ta fiye da kowa. Motoci sun sauya cikin shekaru kaɗan, amma hanyar koyon sana'a daga oga zuwa yaro ba ta sauya da wannan saurin ba. A nan matsalar ta samo asali.

Aikin da man yake yi

A giyar sanda, aikin mai shi ne hana ƙarfe cin ƙarfe. A giyar atomatik kuwa, man yana ɗauke da ayyuka huɗu a lokaci guda.

Shi ne ke isar da ƙarfin inji zuwa giya. Tsakanin inji da giyabos akwai wani ƙarfe mai siffar ƙwarya biyu a kife da juna, makanikai na kiransa kwanbata. A cikinsa akwai farfela biyu da ke fuskantar juna. Inji na juya ɗaya, ita kuma ta watsa mai da ƙarfi ya juya ɗayar. Wannan ne ya maye gurbin kuloci.

Shi ne kuma ke sauya giya. Famfo na tura man cikin ƙananan hanyoyi masu bawul, matsinsa ya danne wasu faya-fayai da ake kira faiba, su kama ko su saki. Kamawa da sakin nan ne direba ke ji a matsayin shigar giya ta biyu ko ta uku.

Sauran biyun su ne shafe haƙoran ƙarfe da kwashe zafi. Man na fita ta bututu zuwa lagireto ko wani ɗan akwatin sanyaya, ya huce, ya dawo.

Da yake faiba na aiki ne a jiƙe cikin mai, kowane kamfani ya ƙera tasa faibar daidai da santsin wani mai na musamman. Idan man ya fi ƙima santsi, faiba ta riƙa zamewa tana ƙonewa. Idan bai kai ba, giya ta riƙa shiga da fizga.

Suna ɗaya, mai iri-iri

A bakin Bahaushe, duk man da ke shiga giyabos “man giya” ne. Wannan suna ɗaya ya haɗa abubuwa aƙalla uku da ba sa zama a madadin juna. Akwai man giyar sanda, mai kauri da wari, wanda ake rubuta wa lamba irin 80W-90. Akwai man giyar atomatik, wanda ake rubuta wa ATF. Akwai kuma man giyar CVT, wadda ba ta da matakan giya ko kaɗan, bel ɗin ƙarfe ne ke tafiya tsakanin wasu gargare biyu masu buɗewa da tsukewa. Wanda ya aiki yaro shago ya ce a ba shi man giya bai faɗi komai ba tukuna.

A cikin ATF ɗin ma akwai rabe-rabe. General Motors ya fito da Dexron a 1967, kuma iri-irensa na II da III ne suka cika shagunan Najeriya, domin su ake zubawa a tankin sitiyarin motoci da yawa, ga shi sun fi araha. Amma yawancin motocin da ke yawo a Zariya yau ba shi suke sha ba:

Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana amfani da Toyota T-IV. Camry ta 2007 zuwa 2011 tana amfani da Toyota WS, wanda ya fi T-IV tsinkewa. Corolla da aka kera wa kasuwar Amurka daga 2014 galibi CVT ce, manta daban ne gaba ɗaya. Honda Accord ta 2003 zuwa 2010 an yi ta ne da ATF-Z1, wanda kamfanin ya maye gurbinsa da DW-1. Hyundai da Kia na amfani da SP-III ko SP-IV gwargwadon shekara. Nissan mai CVT na amfani da NS-2 ko NS-3. Giyar AL4 da ke cikin Peugeot 206 da 307 da 406 tana buƙatar mai mai lambar LT 71141.

Launi ba shaida ba ne. Jan da aka sani rini ne ake sawa don a bambanta man da na inji idan ya ɗiga a ƙasa. T-IV ja ne, WS ja ne, Dexron ja ne, kuma ba ɗaya ba ne. Wasu mayukan CVT kore ne, na Peugeot ɗin nan kuma ruwan zuma. Inda za a ga gaskiya shi ne littafin motar, ko rubutun da ke jikin geji, ko kan notin da ake zuba man ta cikinsa. Idan an taɓa canza wa motar giyabos, lambar da ke jikin giyabos ɗin ita ce abin bi, ba shekarar motar ba.

Yaushe ake canzawa

Littattafan kamfanoni sun kasa tuƙi gida biyu: na yau da kullum da na wahala. Tuƙin wahala shi ne na zafi, da ƙura, da cunkoso, da gajerun tafiye-tafiye, da ɗaukar kaya. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Samaru da Kwangila da PZ, ya loda iyali da buhunan masara zuwa Funtuwa ko Kano a ƙarshen mako, yana cikin kashi na biyu. Ga irinsa, tazarar kilomita 40,000 zuwa 60,000 ita ce ta hankali. A tuna cewa motocin Amurka da mil suke ƙirge. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka mil 30,000 ya kusa kilomita 48,000.

Wasu kamfanoni sun rubuta cewa man na tsawon rayuwar mota ne. Rayuwar da suke nufi ta mai ita na farko ce, alhali motar da ta iso Zariya ta riga ta cinye wannan rayuwar ta shiga ta biyu. Kuma lambar da ke kan mita ba kullum take faɗin gaskiya ba, domin ana mayar da ita baya. Wanda ya sayi 'yar Kwatano ya ɗauka ba a taɓa canza man ba, sai in ya ga takarda.

Man da kansa yana nuna halinsa. A ɗiga shi a farar takarda. Idan yana da haske, lafiya. Idan ya yi duhu kamar shayi, lokaci ya yi. Idan ya yi baƙi yana warin ƙauri, faiba ta fara ƙonewa. Idan ya yi kama da madarar da aka zuba wa jan launi, ruwa ya shiga, ko dai daga lagireton da ya fashe ta ciki, ko daga ambaliyar da motar ta ratsa. Wannan na ƙarshe ba ya jira, domin ruwa na ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta.

Yadda ake canzawa

Hanyar da ta fi aminci ga tsohuwar mota ita ce a tsiyaye a zuba. Ya kamata mai mota ya san abu ɗaya tun farko: tsiyayewa ba ta fitar da man duka. Giyabos ɗin ƙaramar mota na ɗaukar lita shida zuwa takwas, amma abin da ke fita ta notin ƙasa bai cika wuce lita biyu zuwa huɗu ba. Ragowar na maƙale a kwanbata da bututai. Wanda ya karanta cewa motarsa na cin lita bakwai, ya tsiyaye uku, ya zuba bakwai, ya gama da giyarsa da hannunsa.

Matakan su ne kamar haka:

1. A ajiye motar a wuri mai daidai, kan rami ko kan injin ɗaga mota. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A ja birkin hannu.

2. A wanke kewayen notin zubawa da bakin geji. Ƙwayar yashi ɗaya na iya maƙale bawul, kuma da hunturu ƙura ba ta barin komai. Mazurarin da aka zuba man inji da shi ba ya aiki a nan.

3. A motar da ba ta da geji, a fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa. Idan aka zubar da mai sannan aka tarar na sama ya ƙi kwancewa, mota ta zauna.

4. A tsiyaye man cikin mazubi mai tsabta, a auna shi da lita. A yi hattara, man da ya fito daga tafiya yana ƙona fata.

5. A duba maganaɗisun da ke jikin noti ko cikin farantin ƙasa. Laushin baƙin gari kamar kwalli ba abin damuwa ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli alama ce ta ɓarna a ciki, kuma sabon mai ba zai gyara ta ba.

6. Idan giyar na da farantin ƙasa da filta, a canza filtar da gaskit. Kada a cika gam, domin abin da ya matso ta ciki yakan ɓalle ya toshe hanyar mai. A sa sabon wosha a noti.

7. A zuba sabon mai daidai da abin da ya fita. Wannan mafari ne kawai, domin mai yiwuwa tun da can ma'aunin ba daidai yake ba. Aikin bai ƙare ba sai an auna.

Mai son sabunta yawancin man sai ya maimaita aikin sau uku, yana ɗan tuƙa motar tsakanin kowane biyu. Haka Honda ke umarta, kuma kamfanin bai yarda da injin wanke giya da sinadaran da ake haɗawa da shi ba.

Ma'auni: inda aikin yake

Mai yana kumbura idan ya yi zafi. Tsakanin sanyin asuba da zafin aiki, wanda ke kusan digiri 80 a ma'aunin Salshiyas, lita bakwai kan ƙaru da kusan sulusin lita. Tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama a geji kuwa kusan rabin lita ce kacal. Haka kuma idan inji na aiki, famfo na janye mai daga faranti ya cika kwanbata da bututai, sai abin da ke ƙasa ya ragu. Idan aka kashe, ya gangaro ya taru. Shi ya sa ma'auni ba ya da ma'ana sai an cika sharuɗɗa uku: motar na tsaye daidai, man na kan zafin da kamfani ya faɗa, inji kuma na kunne ko a kashe kamar yadda littafi ya ce.

A Toyota mai geji, da yawancin motoci irinta, ana tuƙa motar kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. A tsaya a fili mai daidai, a taka birki, a bi da sandar giya ta kowane matsayi ana ɗan dakatawa, a dawo P. Inji na kunne, a zaro geji, a goge da ƙyalle marar zare, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Man ya tsaya cikin yankin da aka rubuta HOT. Yankin da aka rubuta COOL ko COLD na ƙiyasin farko ne kawai. A duba fuska biyu na gejin, a ɗauki wadda ta nuna ƙasa, domin man da ya shafi bututu yakan yaudari ido. Idan da ƙari, a riƙa zuba kwatan lita ana sake aunawa.

Honda ta saba wa wannan. A Accord da Civic da CR-V masu geji, ana ɗumama motar, a kashe inji, a auna tsakanin daƙiƙa 60 zuwa 90 bayan kashewa. Wanda ya auna Honda da hanyar Toyota, ko Toyota da hanyar Honda, zai samu amsar ƙarya, kuma zai ƙara ko ya rage mai a kan ƙaryar.

Motocin da ba su da geji su ne suka fi wahalar da gareji. Camry mai silinda shida daga 2007, da mai silinda huɗu daga 2010, da yawancin sababbin motoci, an rufe giyarsu. A cikin ramin notin ƙasa akwai wani ɗan bututu da ke tsaye. Ana zuba mai ta gefe ya ɗan wuce ƙima, a tada inji, a bi da giya ta kowane matsayi, sannan a kwance notin yayin da inji ke aiki. Rarar za ta zubo ta saman bututun. Idan zubar ta koma siririya, ma'auni ya yi, a ɗaure. Idan ba abin da ya zubo, man bai kai ba, a ƙara a sake.

Sharaɗin shi ne zafi. A irin waɗannan giyoyin na Toyota, ana yin wannan awo ne lokacin da man ke tsakanin kusan digiri 35 zuwa 45, gwargwadon irin giyar. Ana karanta zafin da kwamfutar gwajin mota da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Taɓa faranti da tafin hannu ba awo ba ne.

A nan yanayin Zariya ke shigowa. Motar da aka tuƙo daga Samaru ta Kwangila zuwa PZ tana isowa da mai mai zafin digiri 70 zuwa 80. Idan aka kwance notin a lokacin, man da ya kumbura zai zube fiye da ƙima, kuma da ya huce giyar za ta kwana da ƙarancin mai. Giyabos na ɗaukar awanni kafin ya huce. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke kusantar digiri 40, motar da ke ajiye a rana ma manta ya riga ya shiga tsakiyar wannan tazarar kafin a tada inji, minti kaɗan kuma zai wuce ta. Mafita ita ce motar ta kwana a gareji, a yi awon da sassafe. Da hunturu kuwa akasin haka ne: man na da sanyi da asuba, kuma wanda ya yi gaggawar ɗaure noti kafin ya ɗumama zai bar mai fiye da ƙima.

Giyar AL4 ta Peugeot ita ma ba ta da geji, kuma nata awon ana yin sa ne a kusan digiri 60, inji na kunne. Lambar Toyota ba ta aiki a kanta.

Idan ya yi kaɗan, idan ya yi yawa

Idan mai ya yi kaɗan, famfo na zuƙar iska. Matsi ya faɗi, faiba ta kasa kamawa sosai. Direba zai ga motar na jinkiri kafin ta ɗauki D ko R da safe, inji na ƙara ba tare da gudu ya ƙaru ba, ko giya ta saki a kwana ko a hawa. Kowace zamewa na cin faiba.

Mutane da yawa na ganin gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. A giyar atomatik duka biyun wuri ɗaya suke kaiwa. Idan mai ya haura, ƙarafan da ke juyawa na kaɗa shi ya yi kumfa. Kumfa iska ce, iska kuwa tana matsuwa, don haka matsi ya sake faɗuwa, zafi ya hau, man ya tsufa da wuri. Rarar na iya fesowa ta hancin numfashin giyabos ta zuba kan salansa mai zafi. Ƙananan kumfa a jikin geji alama ce ta ɗayan biyun. Rage mai ba wuya: a zuƙe shi da siririn tiyo ta bututun geji.

Maganar “kada ka taɓa shi”

Akwai magana da ta yaɗu a gareji cewa canza man tsohuwar giya na kashe ta. Tana da tushe. Idan faiba ta riga ta cinye, garinta da ke yawo cikin tsohon mai yana ba da ɗan kaushin da ke sa ta kama. Da aka zubar da shi, zamewar da ke ɓoye sai ta fito fili. Ban da haka, mutane ba su cika tuna man giya ba sai ta fara ciwo, idan ta mutu bayan mako biyu sai a ɗora wa sabon mai laifi. Sau da yawa kuma abin da ya faru shi ne an zuba Dexron a inda ake buƙatar WS, ko an auna da zafin da ba daidai ba.

Hukuncin a taƙaice: giyar da ke aiki lafiya, manta ya yi duhu amma bai ƙone ba, a canza mata ta hanyar tsiyayewa. Wadda ke zamewa da baƙin mai mai ƙauri gyara take buƙata, kuma makaniken kirki zai faɗi haka kafin ya taɓa noti.

Tsimin fetur da ke cin giya

Tsadar fetur ta haifar da dabaru. Wasu direbobi na mayar da giya N a gangara, wasu har su kashe inji. A motar zamani, idan aka ɗaga ƙafa daga totur giya na ciki, kwamfutar motar na yanke fetur da kanta, don haka N ba ta rage komai. Kashe inji kuwa na tsayar da famfon mai alhali ƙarafan giya na ci gaba da juyawa a bushe, ga birki da sitiyari sun yi tauri. Dalili ɗaya ne ya sa ba a jan motar atomatik da igiya zuwa nesa, kuma ba a tada ta da turi.

Lagireto ma na cikin lissafi. Zuba ruwan rijiya a maimakon ruwan sanyaya inji na cinye bututun da man giya ke bi ta cikin lagireto, har ruwa da mai su haɗu.

Haƙƙin mai mota

Matsalar ba ta tsaya a bakin gareji ba. Jabun mai na yawo a kasuwa cikin galan mai tambarin kamfani. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin ingancin kayan da ake yi a gida da waɗanda ake shigowa da su. Hukumar NMDPRA, da Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta samar, ita ke ba masu haɗa mayukan injuna lasisi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda ya biya kuɗin kaya ko na aiki damar kai ƙara idan an cuce shi. Sai dai ƙara ba ta tafiya ba tare da rasit ba, kuma a yawancin garejinmu ba a rubuta komai.

Batun horarwa ma na hukuma ne. Hukumar NADDC ce aka ɗora wa bunƙasa harkar motoci, kuma a Zariya ne Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, take tun 1986, ga sashen injiniyan injuna na Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Nuhu Bamalli. Garin da ke da waɗannan bai kamata a ce makanikansa na auna zafin mai da tafin hannu ba. Gajeren kwas da kwamfutar gwaji mai araha ga ƙungiyoyin makanikai abu ne da matasa za su iya nema daga 'yan majalisarsu da ƙananan hukumomin Sabon Gari da Zariya.

Tsohon man ma yana da makoma. Wanda aka zubar a kwata ruwan damina na kwashe shi zuwa rafin Kubanni, daga nan zuwa kogin Galma, inda ake noman rani da kamun kifi. A tara shi a jarka a miƙa wa masu sayen tsohon mai.

Kafin a miƙa makulli

Mai mota ba sai ya zama makanike ba, amma yana da tambayoyi biyar da zai yi cikin girmamawa. Wane mai littafin motar ya ce? Lita nawa ya fita? Lita nawa aka zuba? Da inji a kunne aka auna ko a kashe? A kan wane zafi? Ya sayi man da kansa daga dila sananne, ya duba hatimin murfi, ya tsaya a buɗe galan a gabansa, ya rubuta kwanan wata da lambar mita. Bayan kwana biyu ya duba ƙasan motar ko akwai ɗigo, ya sake auna geji idan tana da shi.

Makaniken da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Idan ya ce a bar motar ta kwana don man ya huce, a bar ta.